Uwar Maƙerar da Yaya Sale Ya Dasa

Ran nan ina wasa wani lauje a maƙera sai na ji ihu a bakin rumfa kamar an jefa ƙwallo a raga. Samari ne sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon jiragen yaƙi na zuba wa wani birni wuta. Har da masu tafi. Wana, Yaya Sale, yana zaune a gefe a kan buzunsa. Da ƙarar ta fito daga wayar sai ya miƙe ya bi hanyar gona, ya bar takalmansa a wurin. Babu wanda ya lura a cikinsu. Nura ɗan ƙanwata, wanda ya yi 'yan watanni a shagon walda a Gezawa ya dawo yana jin kansa injiniya, shi ya miƙo min wayar har gaban hanci.

"Kawu, dubi aiki! Masana'anta guda, kafin ka ƙifta ido ta zama toka. Wannan ita ce ƙira, ba ƙwanƙwasa fartanya ba."

Na ci gaba da aikina, don ƙarfe na cikin wuta, kuma ƙarfe ba ya jiran mai surutu. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ku samarin yanzu, tunda a ganinku ƙwanƙwasa ce kawai muke yi, bari in gaya muku abin da ake ƙwanƙwasawa, da kuma abin da ya tashi tsohon nan daga kan buzunsa.

Fartanyar farko da Baba ya bari na ƙera da hannuna ta wata tsohuwa ce mai noman gyaɗa a bayan gari. Kafin nan na yi shekara da shekaru ba na komai sai zuga da fasa gawayin ƙirya, awartaki ma sai da izini nake taɓa shi. Na buga ta, na daidaita ruwanta, na ɗora mata ƙota, ina ta washe baki. Tsohuwar ta sara ƙasa sau ɗaya ta miƙo min abata. Ta ce, "Ɗan nan, wa ka ƙera wa? Ni dai ba ni ba." Baba ya zare ruwan daga ƙota ya mayar da shi wuta. Ashe matar bahaguwa ce, gajeriya kuma, ni kuwa ban ko dubi hannunta ba. Daga ranar na san kafin ka ɗaga masaba sai ka san mai fartanyar: dogo ne ko gajere, jigawa yake nomawa ko laka, rago ne mai son mara nauyi ko ƙato ne mai karya ƙota. Ku kuwa da kun haɗa ƙarfe biyu da wutar lantarki kun shafa baƙin fenti, shi ke nan kun gama, in ya ɓalle a gona ku ce manomin ne bai iya riƙo ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Masaba, awartaki, kurfi na yanka, magagari, kaskon ruwa, sai zuga-zugi, wanda yanzu muka maye da ƙafar keke mai fanka. Amma duk cikinsu babu kamar uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen nan da ake dasawa a ƙasa ana bugu a kansa. Masaba in ta lalace ka ƙera wata kafin azahar. Uwar maƙera kuwa ba a ƙera ta a rumfa irin tamu, sai dai ka gada ko ka dace. Tamu ta kakanmu ce, tsakiyarta har ta lotsa don shan bugu. Da Baba ya rasu Yaya Sale ya gaji wurin zamansa a gabanta, ya gaji sarautar maƙeran unguwa, ni kuma na ci gaba da zama a hagunsa.

Ba don wana ne ba, amma daga nan har Zakirai ban ga mai hannunsa ba. Yakan dubi launin ƙarfe a wuta ya san lokacin tsoma shi a ruwa ba tare da ya yi kuskure ba. Yakan ɗauki garwashi da yatsa ya mayar cikin wuta yana hira. Masu noman rani daga Watari suna wuce maƙera nawa su zo wurinsa neman lauje. Sai dai girman kai, na gado ne. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa wansa magana a kan ƙarfe a gaban mutane. Wanda ba maƙeri ba kuwa, ko limami ne, in ya zo rumfa sai ya ajiye iliminsa tare da takalmansa a waje. Kuma mun tashi da imanin cewa babu ƙarfen da ya fi ƙarfin wuta. Ya ƙi lanƙwasa? Sa shi a wuta. Ya yi ƙulu? Sa shi a wuta. Duk maganinmu ke nan, kuma bai taɓa ba mu kunya ba sai a shekarar da zan gaya muku.

Shekarar ta zo mana da tsiya biyu. 'Yan gwangwan suka share ƙauyuka tas, ko tsohuwar ƙusa ba su bari ba, suna lodawa zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Sifirin mota, wanda da shi muke yin gatari da lauje, ya zama sai mai rabo. Ana cikin haka, daidai hadari ya fara haɗuwa a gabas manoma sun cika rumfa da tsofaffin garemani, uwar maƙerarmu ta tsage gida biyu. Yaya Sale ya koma bugu a kan wani guntun gatarin tirela, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyinta, yana yi yana zagi, abin na tsalle kamar ɗan akuya.

Sai ga labari wani dillalin tsohon ƙarfe ya sauke kaya a kasuwa, daga wata ƙasa can bayan sahara inda yaƙi ya rushe masana'antu. Muka je. Tunda nake ban ga ƙarfe ya wulaƙanta haka ba. Ginshiƙai masu kaurin mutum sun murɗe kamar igiya, duk sun yi baƙi, suna warin ƙauri. A ƙarƙashin tarin Yaya ya hango wani abu. Tsawonsa ya kai ƙugun mutum, jikinsa sumul, ƙarshensa ɗaya mai tsini, ɗayan a baje da wani ɗan ƙulu a tsakiya, a gefensa kuma kunnuwa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sai da ƙarti suka taru kafin ya hau amalanke. Yaya na ta shafa shi yana cewa, "Haruna, Allah ya dube mu. Wannan har jikokinmu."

Muka haƙa rami a tsakiyar rumfa muka dasa shi, tsinin a ƙasa. Kunne ɗaya ya shige cikin ƙasa, ɗayan ya rage a waje, Yaya ya mayar da shi maratayar awartaki. Na ɗan ƙwanƙwasa shi da masaba. Ƙarfen kirki in ka taɓa shi yakan amsa, ƙararsa ta yi ta yawo a kunne. Wannan kuwa sai ya ce tif, kamar ka doki buhun gero. Da muka keɓe na ce, "Yaya, abin nan ba ya amsawa." Ya ce, "Cikakken ƙarfe ne, ba fanko ba. Me zai ce maka?" Ya zauna ya hau aiki. Garemani, fartanyu, sungumi, duk a kansa ya buga su, da dukan ƙarfinsa, garwashi na zuba a gindinsa. Abu ɗaya ne ya dame shi, ƙulun nan na tsakiya yana yi wa fartanya tabo. Ya ce da an tashi kasuwa zai tara masa gawayi a ka, ya zuga shi ya yi ja, ya baje ƙulun da masaba.

Ana gobe kasuwa Malam Bukar ya kawo gatarinsa gyara. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a nan aka haife shi, kanwa da manda yake sayarwa. Da ƙuruciyarsa ya tsallaka sahara ya yi aiki a wani kamfanin fulawa, ya dawo da kunne ɗaya a mace. In jirgi ya wuce zuwa Kano sai ya duƙa ya dafe kai, ko a tsakiyar ciniki ne, yara na yi masa dariya. Mutane sun ɗauka ya ɗan taɓu. Ya yi sallama ya sa ƙafa ɗaya a rumfa, sai ya tsaya cak. Gatarin ya faɗi daga hannunsa.

"Sarkin Maƙera, don girman Allah ajiye masabar nan."

Yaya ya ce, "Lafiya, Malam Bukar?"

"Bam ne kake zaune a gabansa. Irin wanda jirgi ke saki. Wannan kunnen da ka rataye awartaki, da shi ake rataye shi a cikin jirgin. Akwai ɗan'uwansa a ƙasa, kamar taƙi ɗaya da rabi daga wannan. Ko babu?"

Malam Bukar fa ba ya nan ranar da muka dasa shi, ni kuwa da hannuna na tura ƙasa a kan kunnen nan na biyu. Amma rumfa cike take da manoma, kowa ya zuba wa Yaya ido. Ya yi murmushi, ya ɗaga masaba ya sauke ta a kan abin da gayya, sau biyu.

"To ga shi na doke shi. Ina tashin? Malam Bukar, ni a bakin wuta aka yanke min cibiya. Ranar da na zo koya maka auna kanwa, ka koya min ƙarfe."

Aka fashe da dariya. Malam Bukar bai tsaya ɗaukar gatarinsa ba, ya juya da sauri har hularsa na faɗuwa, aka ƙara wata dariyar.

Bayan la'asar na kai masa gatarin da hular. Na same shi ya kwashe iyalinsa zuwa gidan surukinsa a ɗaya gefen garin. Ya juyo min kunnensa mai ji ya ce in zauna.

"Haruna, ni na gani, ba labari aka ba ni ba. Mu ba sojoji ba ne, fulawa muke niƙawa. Amma masu jiragen nan wai dabara gare su. Ba sai sun nemi soja a daji ba, sai su rushe wurin wutar lantarki, su rushe gada, su rushe famfon ruwa, su rushe inda ake yin burodi. Wai in mutane suka sha wuya za su juya wa shugabansu baya. Shugaban kuwa yana can ƙarƙashin ƙasa yana shan shayi. Mu ne a layin burodi. Ranar da suka zo kanmu, ana sauke alkama ne. Bama-baman da suka tashi sun tashi da mutane. Ɗaya kuma ya huda rufi ya kwanta a tsakar sito bai ce komai ba. Ya daɗe a nan, har muka saba da shi, muna ratsa shi muna wucewa. Rannan wani ya hura wutar shayi kusa da shi." Ya nuna kunnensa. "Ni ina bakin ƙofa ne. Sauran ba a samu abin sallata ba."

Na koma gida na sami Yaya yana alwala shi kaɗai. Na tsuguna na gaya masa duk abin da na ji, na ce ko bugun zai ci gaba, don Allah ya bar maganar wutar nan. Ya ce, "Kai ma ka koma almajirin mai kanwa? In na fasa yanzu, gobe a kasuwa a ce Sarkin Maƙera ya gudu ya bar ƙarfe. Gawayi na nan na tanada. Jibi da hantsi za ka zuga min."

Rumfarmu ba a daji take ba. Bayanta gidanmu ne, mata da yara. Gabanta rijiyar unguwa, inda ba a rasa mutane. Nan ƙasar kun san yadda take, gida na jingine da gida, gona na jingine da gona, babu inda za ka jefa dutse bai faɗa kan wani ba. Na auna wannan, na auna maganar gidanmu cewa ƙane ba ya tsallake wansa. Da gari ya waye, kowa ya nufi kasuwa, ni na nufi gidan mai unguwa. Shi ya kai ni wurin dagaci, dagaci ya kira 'yan sanda.

Masu kwance bam suka zo daga birni. Babbansu ya leƙa rumfa sau ɗaya ya fito da baya da baya, ya tambaya ko da gaske ne ana bugu a kan abin nan. Da aka ce masa har wuta za a tara masa gobe, sai ya cire hularsa ya share gumi, ya ce a fitar da kowa daga unguwar, har awaki. Yaya Sale ya dawo daga kasuwa ya tarar an kewaye rumfarsa da igiya, an hana shi shiga. A gaban jama'a ya dube ni.

"Haruna, ni ka kai ƙara? A kan ƙarfe? Daga yau ka nemi rumfarka."

Na ji zafin maganar har cikin ƙashina. Masu kwance bam ɗin suka tone abin da hannu a hankali kamar masu tonon rogo a gonar wani, suka kwantar da shi a kan buhunan yashi, motar na tafiya kamar ba ta so, har tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar titi, nesa da gari. Yaya na tsaye cikin mutane yana cewa da ƙarfi, don kowa ya ji, in sun gama wasansu su dawo masa da kayansa.

Ku da kuke jin ƙarar a waya kuna tafi, ba ku ji komai ba. Ba a kunne ake jin ta ba, a ciki ake ji. Da suka tayar da shi a ramin, ƙasa ta motsa a ƙarƙashinmu. Jakuna suka tsinke igiya, zabi suka watse, katangar makarantar allo ta tsage daga sama har ƙasa, ga shi muna nesa. Wani gawo da ke bakin ramin, wanda mutum biyu ba sa rungume shi, aka wayi gari babu rabinsa. Malam Bukar na kwance rubda ciki yana salati, ranar kuwa babu wanda ya yi masa dariya. Da na waiga inda Yaya yake, ya zauna a ƙasa daɓas, yana kallon tafin hannunsa na dama.

Na kafa rumfata a bakin hanya kamar yadda ya ce, da guntun ƙarfen reluwe a matsayin uwar maƙera. Tasa rumfar ta zauna a rufe. Manoma suka yi ta zuwa ana ce musu ba ya jin daɗi. Damina ta yi nisa ba mu yi magana ba, ko a masallaci sai ya canja sahu.

Wata safiya ina hura wuta sai ga shi, da abu a naɗe cikin tsumma. Ya ajiye a gabana. Guntun ƙarfe ne kamar tafin hannu biyu, bakinsa duk a yage. Ya ce a jikin kukar gonarsa ya same shi a kafe, kuma kun san tsakanin gonarsa da ramin nan tafiya ce.

"Ƙera min fartanya da shi."

Na ce, "Yaya, ni zan ƙera maka? Ga wuta, ga masaba."

Ya miƙa hannu ya ɗauki masabar. Tana tashi sama hannun ya kama rawa, tun daga kafaɗa, har ta suɓuce ta faɗi a gefen kasko. Mutumin da ke ɗaukar garwashi da yatsa. Ya ce, "Duk sanda na ɗaga, sai in ga abin nan ne a gabana, yara kuma na wasa a bayan rumfa. Ƙera kawai, Haruna."

Na sa shi a wuta. Wallahi tunda na fara riƙe awartaki ban taɓa ƙarfe irinsa ba. Ba ya fashewa, ba ya ɓarewa, yana bin masaba kamar ya san inda nake so ya je. Da na tsoma shi ya ɗauki kaifi irin wanda sifiri ba ya ɗauka. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan har yau. Ashe akwai maƙeran da suka fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba, suka tace ƙarfe mafi kyau a duniya, suka auna shi, suka goge shi sumul, don kawai a sake shi a kan masu niƙa fulawa. Mu masu ciyar da mutane kuwa muna tone bola muna neman ruɓaɓɓen sifiri. In wannan ne aikin da Nura yake so in yaba, ya nemi wani kawun.

Na yi wa fartanyar ƙota daidai tsawon Yaya, don shi kam na san hannunsa. Bai sake ɗaga masaba ba. Masu lauje daga Watari sun gaji da tambaya sun daina. Yakan zo ya shimfiɗa buzu a gefen rumfata ya ba wuta baya, wani lokacin ya ce min, ba tare da ya juyo ba, "Ya isa, tsoma shi." Kuma daidai ne kullum.

Ranar da samarin nan suka yi ta tafinsu, da na gama laujen na kashe wuta, na ɗauki takalmansa na bi shi gona. Na same shi ba takalmi, ya duƙa da fartanyar nan yana ta saran kunyar da tun jiya ya nome ta, babu ko ciyawa ɗaya a kanta. Na ajiye masa takalman a bakin kunya. Bai ɗago ba.

"Sun kashe abin nan na waya?"

Na ce, "Sun kashe, Yaya."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da saran ƙasa.